Yadda za ki shawo kan wanki da tsaftar banɗaki ba tare da sun cinye miki yini ba

Gidan da ke da yara ƙanana, kwandon wankinsa ba ya taɓa zama fanko. Kin wanke da safe, kafin yamma an zubar da abinci a riga, an jiƙa zanin gado, ga banɗaki ya fara zarni. Na daɗe ina tara komai sai ƙarshen mako, ranar kuwa haka zan wuni tsugune, bayana kamar zai ɓalle. Abin da ya kawo mini sauƙi shi ne gane cewa ruwa da sabulu suna iya yin mafi yawan aikin da kansu, in dai an ba su lokaci. Naki shi ne ki jiƙa, ki tafi wata hidimar, ki dawo ki tarar datti ya saki.

Ki fara da rarraba kaya tun daga wajen tuɓewa. Kwando uku sun isa: na farare, na masu duhu da masu zuba, sai na tawul da zannuwan gado. Yaro ɗan shekara 4 zai iya koyon inda zai jefa rigarsa, mahaifinsu ma haka. Doka ɗaya ce ba na ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: jiƙaƙƙen abu ba ya shiga kwando. A rataye shi ya sha iska tukuna, in ba haka ba cikin kwana biyu zai yi tsami, ya yi ɗigo-ɗigon baƙi na fumfuna, ya shafa wa sauran. Kafin wanki kuma ki laluba aljifai, don biro guda ya isa ya ɓata kaya gaba ɗaya.

Daga nan sai tabo, kuma a nan ne aka fi yin asara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, tabo ma tun yana sabo ake kama shi. Na taɓa sheƙa tafasasshen ruwa a kan farar rigar makaranta da ɗana ya yi haɓo a kanta, ina ganin zafi zai fi fitar da jinin. Jan ya koma ruwan ƙasa, ya zauna daram a ƙirjin rigar har ta tsufa. Dalili kuwa, jini da nono da ƙwai da amai da kashin jariri duk suna ɗauke da furotin, zafi kuma dafa furotin yake yi ya manne a zare, kamar yadda ƙwai ke sandarewa a kan wuta. Irin waɗannan ruwan sanyi ake sa musu. Ki juya rigar, ki sakar mata ruwa ta bayan tabon don ya fita ta inda ya shiga, ki goga sabulu, ki jiƙa. Idan kashin jariri ya bar rawaya bayan wanki, ki shanya a rana da danshinsa, hasken rana yana kashe wannan launin.

Tabon maiƙo dabararsa daban. Ki ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa a kai tun kayan suna bushe, ki murza da yatsa, ki bari minti 10, sannan ki wanke da ruwan ɗumi. Taɓo kuma a bar shi ya bushe, a kakkaɓe, sannan a jiƙa. Duk tabon da bai fita ba kada ki bari dutsen guga ya hau shi.

Sai jiƙo. Yawancin omo na yanzu yana da sinadaran da ke narkar da furotin da maiƙo da sitaci, amma ba nan take suke aiki ba. Ki narkar da shi a ruwa mai ɗan ɗumi, kamar digiri 30 zuwa 40, ki zuba kaya, ki ba su minti 30. A cikin wannan rabin awar kin ɗora girki ko kin shirya yara. Idan kika dawo, wuyan riga da hammata da gwiwar wando kaɗai za ki ɗan cuɗa. Kayan da ke zuba kada su daɗe a jiƙo, kuma kada su haɗu da farare.

Mai injin wanki ta kiyaye abu biyu. Kada ki cusa kaya har ya toshe, ki bar sarari kamar tafin hannu a sama don su samu wurin juyawa. Kada kuma ki cika omo. Kumfa mai yawa ba ita ce tsafta ba, ragowarta kan maƙale a zare, kaya su yi tauri, fatar jariri ta yi ƙaiƙayi. Tawul da zanin gado, musamman bayan wani ya yi ciwo a gida, ki wanke su a digiri 60 idan ƙyallen da ke jikinsu ya nuna za su jure. A kan wannan ɗan ƙyallen, hoton baho mai lamba yana nuna iyakar zafin ruwa, alamar kusurwa uku da aka soke kuma tana nufin kada bilic ya taɓa kayan. Da injin ya tsaya ki kwashe ki shanya, ki bar ƙofarsa a buɗe ya bushe. Ni na fi son ƙaramin wanki kullum ko bayan kwana biyu, na ninke a wajen shanya kowane yaro da nasa tulin, a kan in bari wankin hula ya kai ni dare.

Banɗaki ma tafiyarsu ɗaya. Ki buɗe taga, ki sa safar hannu, ki kwashe sabulai da kayan wasan yara. Ki zuba maganin wanke masai a ƙarƙashin leɓensa, ki shafa ruwan omo a tayil da wurin wanke hannu, sannan ki fita ki rufe ƙofa minti 10. Idan kika dawo, daga sama ake farawa: madubi, famfo, bango, wurin wanke hannu, masai, ƙasa ce ƙarshe, kina koro ruwa zuwa magudana. Tsumman masai ya zama launinsa daban, kada ya taɓa wani wuri. Idan kina da yara maza, zarnin ba daga cikin masai yake fitowa ba. Ki duƙa ki duba gindinsa, da mahaɗin murfi, da bangon da ke gefe, tsohon buroshin haƙori ne ke shiga waɗannan lungunan.

Wajen kashe ƙwayoyin cuta, ki wanke datti da sabulu ki ɗauraye tukuna, don bilic yana rasa ƙarfinsa a kan datti. Bilic na gida mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, ana haɗa mudu ɗaya nasa da 49 na ruwan sanyi, wato mililita 20 a cikin lita guda, kamar ƙaramin cokali 4. Inda aka yi amai mai yawa ko jini, ɗaya ne a cikin 9 na ruwa. Ki bar wurin da jiƙonsa na 'yan mintuna kafin ki ɗauraye. Ki haɗa iya wanda za ki yi amfani da shi a ranar, don wanda ya kwana ya sane.

Ina roƙonki ki riƙe wannan da kyau: kada ki haɗa bilic da komai sai ruwa. Idan ya gamu da abu mai tsami, irin su khal (wato vinegar) da ruwan lemon tsami da yawancin magungunan wanke masai, iskar kulorin ce ke tashi, mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu. Idan ya gamu da amoniya ma, sinadarin da ke sa fitsari zarni, wata gubar ce ke tashi, shi ya sa ake fara kora fitsari da ruwa kafin a zuba shi a fo ɗin yara. In kin yi kuskure kika ji tari ya turnuƙe ki, ki fita nan take, ki fitar da yara, ki bar iska ta ratsa, in numfashi ya yi wuya a tafi asibiti.

Farin ɓawon da ke kama famfo da kan shawa allin da ke cikin ruwa ne, bilic ba ya fitar da shi, tsami ke narkar da shi. Ki jiƙa tsumma da khal ki naɗe famfon, ko ki zuba khal a leda ki ɗaure a kan shawa na awa ɗaya, ki goge. Ki yi wannan a ranar da ba ki sa bilic ba, kuma kada tsami ya taɓa dutsen marmara, yana cinye sheƙinsa.

Tsakanin babban wanki da babban wanki, minti 2 bayan wankan yara ya wadatar: ki share ruwan ƙasa, ki cire gashi daga magudana, ki baza tawul, ki bar taga a buɗe, don danshi ne abincin fumfuna.

Da kin gama, ki mayar da magunguna can sama inda hannun yaro ba ya kai, a cikin robarsu ta asali, kada a juye su a gorar ruwa ko ta lemo. Sai bokitin jiƙo. Yaro mai tatata kansa ya fi jikinsa nauyi, idan ya leƙa ya kifa ciki ba ya iya ɗagowa, ba ya kuma iya ihu, ko da ruwan bai kai rabin bokitin ba. Muddin akwai jiƙo a banɗaki ƙofar ta kasance a kulle, in an gama kuma a zubar da ruwan a kife bokitin.