Yadda ake duba tsohuwar gadar ƙarfe

Sana'ata walda, ƙarfena kuma a Ƙofar Ruwa nake saye. Yaran shagona in sun tambaye ni dalilin da muke saƙa ƙarfen rufi kusurwa uku-uku, cewa nake su je su kalli tsofaffin gadojin reluwe. Firam mai kusurwa huɗu in ka tura shi karkacewa yake, mai uku kuwa ba ya motsi sai ƙarfen ya lanƙwashe ko mahaɗa ta saki.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma irin wannan saƙar ce ta tsallakar da jirgi manyan koguna. Gadar Makurdi a kan kogin Binuwai an buɗe ta a 1932. In tafiya ta yi maka nisa, akwai ƙaramar gadar Lugga a lambun Gamji na Kaduna, wadda aka kwance daga Zungeru aka kawo.

Fara da tsayawa daga gefe, nesa kaɗan. Ƙarfen sama matsuwa yake sha, na ƙasa ja. In na tsakiya sun jeru kamar harafin W, ita ake kira saƙar Warren, wadda aka ƙirƙiro a 1848. In akwai na tsaye, masu gicciye kuma suna gangarowa wajen tsakiya, ta Pratt ce, daga Amurka, 1844.

Sai ka matso mahaɗa, domin nan ne aikin yake. Mulmulallun kawunan da za ka gani a wurin ba noti ba ne. Ƙusa ce da aka gasa ta yi jawur, aka zura, aka daddake kan, da ta huce sai ta ɗaure faifan ƙarfen tam. Masu duba gada kan ɗora yatsa a gefen kai su ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma. Wadda ta saki za ka ji tana rawa. Tsatsar saman fenti ba ta cika damuna ba. Wadda nake tsoro ita ce mai shiga tsakanin faifai biyu tana kumbura har ta buɗa su, galibi inda ƙurar hunturu da kashin tsuntsu suka taru suka riƙe ruwan damina. A 2007 wata gada ta rufta a birnin Miniyapolis na Amurka, mutum 13 suka rasu, bincike ya nuna faifan mahaɗar ne ya yi siriri.

Leƙa inda gadar da kake dubawa ta zauna a kan ginshiƙi. Gefe ɗaya dole ya iya zamewa, don ƙarfe mai tsawon mita 100 yana ƙaruwa da wajen santimita 3 da rabi in zafi ya hau da digiri 30.

Kada ka hau layin da jirgi ke bi. Kai kuma ɗan'uwa mai walda, in ka ga tsaga kada ka ɗauko waya ka liƙe, tsohon ƙarfe yakan ƙara tsagewa a gefen walda. Ɗauki hoto, ka kai wa injiniyoyin reluwe.