Ƙwayar tazarar haihuwa da ƙari a hanta: ga abin da za ki yi

'Yar uwa in kina shan ƙwayar tazarar haihuwa kika ji ana cewa tana kawo ƙari a hanta, don Allah kar ki firgita ki watsar da ita haka kawai, ciki ne zai shiga ba ki shirya ba. Maganar dai tana da tushe. Tun 1973 likitoci a Amurka suka fara ganin wani ƙari mai suna adenoma a hantar matan da suka daɗe suna sha, ba ciwon daji (kansa) ba ne, kuma ƙwayoyin lokacin sinadarin estirojin ɗinsu ya ninka na yanzu sosai. Ko a masu shekaru suna sha, kamar 3 zuwa 4 ne cikin 100,000 ke samu a shekara.

Farko ki ɗauki kwalin ki kai wa nas ko likita su faɗa miki wacce iri ce, don mai estirojin ce aka fi zargi. Ki faɗi shekara nawa kika yi kina sha, gaskiya fa, ba wai ki rage ba. Ƙiba ma tana ƙara haɗarin.

Yawanci ƙarin nan shiru yake, sai an je sikanin wani abu daban a ganshi. Amma in kina jin ciwo ko nauyi a dama, ƙarƙashin haƙarƙari, ki nemi a miki sikanin ciki, a haɗa da gwajin ciwon hanta na B tunda ya yi yawa a wajenmu. In ciwon ya zo farat ɗaya mai tsanani ga jiri ga zufa kamar za ki suma, to asibiti nan take, ba kemis ba, ba jiƙo ba, wataƙila fashewa ya yi yana zubar da jini ta ciki.

In an tabbatar shi ne, likita zai ce ki daina ƙwayar, ki rage ƙiba, a ɗauki hoton MRI (wani irin sikanin da ke nuna hanta dalla-dalla) bayan wata 6, da yawa motsewa suke yi da kansu. Wanda ya wuce santimita 5 ya ƙi raguwa shi ake wa tiyata. Kafin nan ki tambayi robar mahaifa mai jan ƙarfe, ita babu sinadarin a ciki, in kuma kina son ɗaukar ciki ki fara gaya wa likitan don a riƙa duba ƙarin har ki haihu.