Darasi na Shida: Mota Mai Injin Rotari Tana Kik Amma Ba Ta Tashi

Injin da za mu duba yau ba shi da fistin. Wani injiniya Bajamushe mai suna Felix Wankel ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Mazda na ƙasar Japan kuma ya daɗe yana sa shi a motocinsa, irin su RX-7 da RX-8, wadda aka ƙera daga 2003 zuwa 2012. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku da ake kira rota, yana kewayawa a cikin gida mai siffar ɓawon gyaɗa mai 'ya'ya biyu. RX-8 tana da rota biyu, kowace rota kuma tana da fulogi biyu, wato fulogi huɗu ke nan.

Ku fara da kunne kafin ku ɗauki sifana. Ku murɗa makulli, ku saurara. Idan kik yana jan jiki kamar wanda bai karya kumallo ba, ku yi cajin batir tukuna, ku goge kawunansa, domin wannan injin ba ya tashi sai an juya shi da sauri. Idan kuwa kik yana juyawa wasai, babu nauyi ko kaɗan, kuma kuna jin warin fetur, to mai ne ya shaƙe injin. Yawanci abin da ke jawo haka shi ne a tayar da motar da sanyin safiya, a matsar da ita daga bakin ƙofa, a kashe nan take. Fetur ɗin da bai ƙone ba sai ya jiƙa fulogi, ya wanke baƙin man da ke taimaka wa rota riƙe iska.

Ga maganin, ku natsu sosai a nan. Totur shi ne abin takawa na ƙarshe a hannun dama, wanda ke ƙara wa mota wuta. Kafin ku taɓa makulli, ku taka totur har ƙasa, har sai ya taɓa dabe, ku riƙe shi a nan. A RX-8, idan totur yana ƙasa gaba ɗaya lokacin da ake kik, kwamfutar motar tana datse fetur, sai injin ya riƙa fitar da wanda ya taru a cikinsa. Idan motar mai kuloci ce, ku taka kuloci da ƙafar hagu. Yanzu ku murɗa makulli, ku ƙirga ɗaya zuwa goma da ƙarfi, sannan ku saki makullin, ku bar kik ya huta kamar minti ɗaya don kada ya ƙone.

Na san ƙafarku za ta so ta ɗaga, domin kun saba da buga totur sama da ƙasa a tsofaffin motoci masu kafireto. Wannan ba abin kunya ba ne, kusan kowa ya yi wannan kuskure a ranar farko. Amma ku sani, da zarar ƙafa ta ɗan ɗago, ko da faɗin yatsa ne, fetur zai dawo, aikin da kuka yi kuma ya tashi a banza. Har ƙasa, a riƙe, a ƙirga goma. Ku maimaita sau uku ko huɗu, kowane karo totur yana manne da dabe tun kafin makulli ya motsa. Bayan haka ku ɗauke ƙafa gaba ɗaya, ku yi kik ba tare da taɓa totur ba.

A makon jiya na tsaya kusa da wani ɗalibi, bakinsa yana ƙirga daidai, gwiwarsa kuwa tana rawa kamar mai taka keken ɗinki. Na faɗa, na sake faɗa, na rubuta a allo, amma har yanzu wasunku suna yi kamar da bango nake magana. Wanda ba zai iya riƙe ƙafarsa na daƙiƙa goma ba, kada ya karɓi motar mutane. Har ƙasa nake cewa, ba rabi ba.

Idan ta tashi, za ta yi farin hayaƙi mai yawa ta salansa. Kada ku firgita, kada kuma ku kashe ta sai injin ya yi zafi sosai.

Idan ta ƙi, ku kwance fulogi ta wajen tayar gaba ta hagu, bayan kun cire fiyus ɗin famfon mai, kuma babu sigari ko wuta a kusa. Fulogin iri biyu ne, kuma ba a musanya su. Ku dubi harafin da ke jikinsu: T yana da sandarsa a kwance a sama, saboda haka ramin sama yake shiga; L yana da tasa a ƙasa, ramin ƙasa yake shiga. Ku shanya su, ko ku sa sababbi.

Kwayil ma, wato abin da ke ba fulogi wuta, huɗu ne, kuma suna yawan mutuwa a wannan motar. Ku gwada su.

Idan motar tana tashi da sanyi amma tana ƙi bayan ta yi zafi, wataƙila ƙarafan da ke bakin kusurwoyin rota sun cinye. Ku kai ta wurin mai na'urar awon matsin injin rotari.