Ga masu jinyar wanda ba ya iya juyawa da kansa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda aka sallamo masa mara lafiya daga Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, musamman mai shanyewar ɓarin jiki, don Allah ya kula da gyambon kwanciya. Nauyin jiki ne ke danne fata a kan ƙashi, jini ya daina isa wurin, naman ya fara mutuwa.

A riƙa juya shi duk bayan awa 2, dare da rana. Wajen wanka a duba diddige, kwatangwalo da ƙasan baya. Mu masu baƙar fata ba lalle a ga ja ba, sai dai wurin ya ƙara duhu, ya yi ɗumi ko tauri. In an ga haka kada a murza, a ɗauke masa nauyi kawai. A sa filo ƙarƙashin sha-raɓa yadda diddige ba zai taɓa katifa ba.

Ledar nan da ake shimfiɗawa saboda fitsari, a zafin Kano gumi take tarawa. A ɗora zanin auduga a kai, a canza da zarar ya jiƙe. Fata ta buɗe ko ta fara wari, a kai asibiti, kar a barbaɗa toka ko garin kafso.