Kurakuran da ɗalibai suka fi yi kan dutse mai aman wuta da faya-fayan ƙasa

Shekarata bakwai ina koyar da labarin ƙasa a lesin ɗin yamma nan Jos, kuma duk sanda WAEC ta matso sai in ga kurakurai iri ɗaya ana ta maimaita su a takarda, har na gaji da jan layi da jan biro. To ƙannena, ku zauna mu yi ta a fili.

Na farko, wanda ya fi ci min rai: cewa wai ƙasan ɓawon duniya teku ne na narkakken dutse, faya-fayan ƙasa, wato manyan gutsattsarin da saman duniya ya rarrabu zuwa gare su, suna yawo a kai kamar kwalekwale, inda aka samu tsaga sai wuta ta fito. Ba haka ba ne wallahi. Ni da kaina na rubuta wannan a jarrabawa ina aji biyu a jami'a, na cika shafi uku da shi, kwas ɗin nan sai da na maimaita shi, shekara guda ta tafi, mahaifina ya sake biyan kuɗin da da ƙyar ya haɗa. Abin da ke ƙarƙashin ɓawon duniya dutse ne daskararre, yana da zafi sosai amma nauyin da ke danne shi ya hana shi narkewa, motsawa kawai yake a hankali kamar kwalta da tsakar rana, su kuma faya-fayan tafiyarsu 'yan santimita ce a shekara, kamar tsirar farce. Kafin ya narke sai an sami dalili. Inda faifan teku ya nutse ƙarƙashin wani, kamar Nazca da ke shiga ƙarƙashin Kudancin Amurka, yana tafiya ne da ruwa a jikin duwatsunsa, idan ya kai zurfin wajen kilomita 100 ruwan sai ya fita ya shiga dutsen da ke samansa ya sa shi narkewa. Haka aka sami masu aman wutan Andes da Japan da Indonesiya. Ni dabarata a aji, ƙanƙara nake saya in barbaɗa mata gishiri su gani da idonsu, ba wuta aka ƙara ba amma ga ta tana narkewa. Inda kuma faya-fayai ke rabuwa, kamar Aislan ko gabashin Afirka inda dutsen Nyiragongo ya yi aman wuta a kan birnin Goma na Kwango a 2002 da 2021, nauyin ne ke raguwa, dutsen ya taso ya narke.

Na biyu, "duk inda faya-fayai suka haɗu akwai aman wuta." Haba! Wa ya faɗa muku? Indiya ta yi karo da Asiya aka sami Himalaya, amma Everest bai taɓa aman wuta ba, don ɓawon nahiya ba shi da nauyin da zai nutse kamar na teku. A tsagar San Andreas ta Kalifoniya ma faya-fayan gogar juna suke, girgizar ƙasa ce aikinsu. Kuna haddace taswira ba ku tambayar me faifan yake yi a wurin, shi ya sa.

Sai masu cewa aman wuta dole sai a bakin faifai. Ɗan Filato ya rubuta wannan, abin da ciwo. Muna tsakiyar faifan Afirka, amma je ka Mangu ka ga Kerang da tsaunukan Panyam da tafkin Pidong, duk matattun masu aman wuta ne. Dutsen Kamaru ma a tsakiyar faifai yake kuma ya yi aman wuta a 1999 da 2000, ga Hawai a tsakiyar tekun Pasifik inda zafi ke tasowa daga can ƙasa faifai yana wucewa ta kai. Wata yarinya ta ce min, "Malam, kenan Shere ma shi ne?" Na ce a'a 'yata, tsaunin Shere da dutsen Riyom irin dutsen da ake kira giranit ne, a cikin ƙasa suka huce, zaizaya ce ta fito da su.

Magma, wato narkakken dutse, tana cikin ƙasa, in ta fito sunanta laba, kar ku haɗa. A tafkin Nyos na Kamaru a 1986 iska ce mai shaƙe numfashi ta kashe mutum sama da 1,700, ba narkakken dutse ba. Girgizar Mpape ta 2018 kuwa, wadda aka yi ta yaɗawa a WhatsApp wai Abuja za ta yi aman wuta, don Allah kar in sake ganinta a takardar kowa a matsayin misali.