Kurakuran da ’yan wasa suka fi yi a taswirorin Counter-Strike da Valorant

Sau da yawa ƙungiya kan rasa zagaye a wasannin harbi na mutum biyar-biyar alhali ’yan wasanta sun iya saiti, saboda sun haddace siffar taswira amma ba su san lokutanta ba. Mutum zai san kowane lungu na Mirage, wata taswirar Counter-Strike, sai dai bai taɓa auna daƙiƙa nawa zai ci daga wurin dasa bam na A zuwa na B ba. A wasannin biyu, mahara ne ke dasa bam, masu tsaro kuma su hana su ko su kwance shi. A Counter-Strike 2 bam na tashi bayan daƙiƙa 40, kwance shi kuma na cin daƙiƙa 10, ko 5 ga wanda ya sayi kayan kwancewa. A Valorant kuwa tashin daƙiƙa 45 ce, kwancewa kuma 7. Wanda bai riƙe wannan lissafi ba zai isa a makare, ya mutu, ya kuma bar wa abokan gaba bindigar da ya kamata ya tsira da ita. Gyaran shi ne ka buɗe taswirar kai kaɗai, ka bi kowace hanya da agogo.

Kuskuren da ya fi ɓata mini rai shi ne gaggawar barin wurin tsaro. Da zarar an ga mahara sun jefa gurnetin hayaƙi a A sai kowa ya ruga can, alhali yaudara ce, masu bam suna lallaɓawa zuwa B. A Haven, taswirar Valorant mai wuraren dasawa uku, wannan gaggawa ta fi tsada. Kada mai tsaro ya motsa sai an ga bam ɗin da ido, ko an ƙirga maharan da suka bayyana.

Akwai kuma masu ɗauko ɗabi’ar wata taswira su kai wata. Wanda ya saba da kokawar tsakiyar Mirage zai rikice a taswirar Bind ta Valorant, domin ba ta da tsakiya, sai na’urorin sauya wuri da ke kai ɗan wasa wani ɓangare nan take, waɗanda ƙararsu ke tona asirin mai shiga.

Sanarwa ma tana buƙatar tsari. “Yana can” ba ta amfanar kowa, amma “biyu a Banana” (sunan wata hanya a taswirar Inferno ta Counter-Strike) tana gaya wa abokinka inda zai juya bindiga. A taswirar Nuke ta Counter-Strike, inda wurin A ke bisa B, dole ne mai sanarwa ya faɗi ko sama yake nufi ko ƙasa, domin takun sawu da ƙaramar taswirar allo duk suna iya ruɗarwa.