Inda marubutan finafinan kimiyya masu dogon zango ke yin tuntuɓe

Duk mai kallon shirye-shiryen ƙagaggun labaran kimiyya ya san wannan takaicin. An shafe minti 40 hankalinka a tashe, kumbo na dab da tarwatsewa, sai ana saura minti 5 injiniya ya zuba wani dogon turanci da shi kansa bai san ma'anarsa ba, ya danna maɓalli biyu, shi ke nan an tsira. Na'ura ta koma layar zana. Wannan shi ne uban kurakuran, sauran duk 'ya'yansa ne.

Abin ya samo asali tun da daɗewa. Da aka fara shirin talabijin na Star Trek a Amurka a 1966, kuɗin shirin ba za su isa a riƙa nuna saukar kumbo kowane mako ba, sai aka ƙirƙiro na'urar da ke ɗauke mutum ta dire shi inda ake so cikin ƙiftawar ido. An huta da kashe kuɗi, amma an ɗaura wa marubuta jakar tsaba: idan ana iya zare jarumi daga kowane rami, ina sauran fargaba? Shi ya sa na'urar ke yawan lalacewa daidai lokacin da ake neman ta. A Doctor Who na BBC kuwa, wani ɗan sukundireba mai aiki da sauti ya zama maganin kowace ƙofa, har furodusa John Nathan-Turner ya gaji ya sa aka lalata shi cikin labarin a 1982.

Gyaran ba wuya. Faɗa wa mai kallo iyakar na'urar tun farkon fitowar, sannan ka tsaya a kan maganarka. A ce batirin zai ɗauki mutum 3 kawai, su kuma su 4 ne a cikin ɗakin da iska ke ƙarewa. Yanzu ba ruwan kowa da waya ko maɓalli. Ido ya koma kan kyaftin, da sunan da zai kasa furtawa. Nan ake gane halin mutum.

Kuskure na biyu shi ne mantuwa. A Voyager, wani shiri cikin jerin Star Trek wanda aka fara a 1995, an jefa kumbo nisan da komawa gida zai ci shekara 75, babu tashar gyara, babu mai kawo ɗauki. Amma a yi masa raga-raga wannan makon, mako mai zuwa ka gan shi fes kamar yau aka fito da shi daga kamfani. Ni dai a nan na fara sanyi da shirin, duk da ina son shugabar kumbon, Kyaftin Janeway. Kwatanta da Battlestar Galactica na 2004, inda shugabar ƙasa Laura Roslin ke da farin allo a ofishinta, tana rubuta adadin 'yan Adam da suka rage. A yi rashi, ta goge ta rage lamba. Allo da alƙalami kawai, amma sun fi fashewar bama-bamai goma taɓa zuciya. Wanda ya ji rauni a fitowa ta 4, bari mu ga yana ɗingishi a ta 5.

Akwai kuma mutanen da aka kawo don su mutu kurum, irin masu jar riga a tsohon Star Trek, waɗanda da ka gan su ka san ba za su kai ƙarshe ba. Ba irin wannan mutumin suna, ba shi wanda yake bin sa bashi, kafin ka kashe shi.

Sai halittun wasu duniyoyi da ake yi musu kuɗin goro: duk jinsin mayaƙa ne, ko duk 'yan kasuwa masu haɗama. To wa ke yi musu noma? Saka matsoraci ɗaya a cikin mayaƙan, ka ga yadda labari zai buɗe.

Na ƙarshe ya fi damun sababbin marubuta: injiniyoyi biyu da suka shekara 10 tare suna yi wa juna bayanin yadda injin yake aiki, don mai kallo ya ji. Babu mai yin haka. Ko dai ka kawo baƙon da dole a yi masa bayani, ko ka bar injin ya ƙone hannun wani sau ɗaya a gabanmu.